Gargaɗi Ga Jama'ar Dogon Dutsi Da Tibiri: Damina Ta Sauka, Sauro Ya Taso

Jama'ar Arewa, daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, Dankasari, Tibiri, Gesheme da Kore Mai Ruwa, a saurara. Daga Yuli zuwa Oktoba ne masassarar cizon sauro ke kwantar da mutane, kuma waɗanda ta fi ɗauka su ne yara 'yan ƙasa da shekara 5 da mata masu juna biyu. Sauro bai san katangar gida ba. Kududdufin gida ɗaya yana iya jinyatar da unguwa guda, don haka wannan aiki na kowa ne.

A fara da ruwan da ke kwance. A lokacin zafi, ƙwan sauro na zama sauro cikin kwana 10 ko ƙasa da haka. Mai gari da mai unguwa su kira gayya kowane mako: a cike ramukan da aka ɗebi ƙasar bulo, a buɗe magudanai, a kife tsofaffin tayoyi da fasassun tukwane, a rufe randuna.

Sange na kwana ne. Wanda ya kai shi garka ya kare shukar dankali, ya bar 'ya'yansa a fili, ya yi mugun ciniki. Sauron da ke ɗauke da cutar daga magariba zuwa asuba yake cizo. A rataya sange kowane dare, ko a ɗaki ko a tsakar gida, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma. Sabo a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin amfani. Wanda ya yage a ɗinke.

Masu rabon maganin riga-kafin damina za su bi gida-gida sau ɗaya a wata don yara daga wata 3 zuwa wata 59. A buɗe musu ƙofa. Su ke ba da na ranar farko. Na rana ta biyu da ta uku yana hannun uwa. Idan aka tsallake su, kariyar ba ta cika ba. Maƙwabciya ta tuna wa maƙwabciya, liman ya tuna wa magidanta bayan sallar Juma'a.

Mai ciki ta je awo, ta sha maganin kariyarta aƙalla sau 3 kafin haihuwa.

Yaro ya yi zazzaɓi, a kai shi likita a ranar, a gwada jininsa. Kada a dogara ga maganin 'yan tebur. Idan yana jijjiga, yana amai ba tsayawa, ya ƙi nono, ya suma, ko tafin hannunsa ya yi fari, kada a jira wayewar gari. Mai amalanke ko babur a unguwa ya taimaka.

Wanda ya ji wannan ya isar ga wanda bai ji ba. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mana yaranmu.