Idan 'Yan Sanda Sun Zo Bincike: Abin Da Doka Ta Ce

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Agege da Idi-Araba a Legas, ko Sabo ta Ibadan, duk takardar da ɗan sanda ya ɗaga musu sammaci suke ce mata. Alhali kuwa takardun iri uku ne. Sammaci kira ne zuwa kotu. Warantin kamu izni ne na a kama mutum. Warantin bincike kuwa shi ne iznin shiga gida ko shago a nemi wani abu, kuma galibi alƙali ko majistare ne ke sa masa hannu.

Dalilin wannan takarda shi ne sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya kare sirrin gidan mutum da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Ɗaki ɗaya da ka kama haya a bayan kasuwa, shi ma gida ne a idon doka. Saboda haka in an ƙwanƙwasa, nemi a nuna maka takardar, ka sa wanda ya iya karatu ya duba adireshin da abin da aka zo nema. Sai dai in wanda ake nema a kama ya shige gidan, suna iya binsa ba tare da warantin bincike ba.

Dokar shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015, wadda jihohi ke da irin tasu, ta ce a yi binciken gaban shaidu, a rubuta duk abin da aka ɗauka, a sa hannu. Mace sai mace 'yar'uwarta ce za ta laluba ta. Matar kulle kuma, in ba ita ake nema ba, sai a ba ta dama ta kauce kafin a shiga.

A kan titi lamarin dabam ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta yarda a tsai da mutum ko mota a bincika ba waranti, in akwai zato mai dalili cewa ana ɗauke da kayan sata ko makami. Amma sai ɗan sandan ya faɗi sunansa da caji ofis ɗinsa da abin da yake nema. Dokar ta kuma ce launin fata, ko shekaru, ko askin mutum, ko irin tufafinsa ba su isa dalilin zato ba. Wato doguwar riga da hula ba hujja ba ce.

To, ga inda gizo ke saƙa. Kada wani ya ɗauka cewa in an yi bincike ba bisa ƙa'ida ba shari'a ta rushe. Tun 1968, a shari'ar Musa Sadau, Kotun Ƙoli ta karɓi abin da aka samo ko da yake an yi ƙorafi kan yadda aka yi binciken. Dokar Shaida ta 2011 ma ta bar wa alƙali ya auna ya karɓa ko ya ƙi. Ke nan abin da aka ce an samu a ɗakinka yana iya binka har gaban alƙali. Shi ya sa shaidu da jerin kaya suka fi gardama a bakin ƙofa amfani. Kada ka hana su shiga, kada ka ɗaga hannu. Aika a kira mai gidan haya ko wani dattijo daga fadar Sarkin Hausawa, ka bi su ɗaki ɗaki idonka na kan hannuwansu, kuma kada ka dangwala yatsa a kan jerin kayan sai an karanta maka shi da harshen da kake ji.