Raɗaɗin Baki da Maganinsa: Daga Kasuwar Kurmi Zuwa Ɗakin Bincike



Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, Kasuwar Kurmi take matattarar masu neman magani. Har yau wanda bakinsa ya dame shi yakan nufi 'yan koli ya sayi kanumfari, ko citta, ko bagaruwa. To, akwai wani ciwon baki da waɗannan ba su kai gare shi, shi ne abin da za mu duba.

Mai wannan ciwo yakan ji harshensa da leɓunansa suna raɗaɗi kamar ya kurɓi tafasasshen kunu, alhali in an duba ba miki, ba kumburi. Likitoci ba su kiransa da wannan suna sai raɗaɗin ya wuce awa 2 kullum, har fiye da wata 3. Ya fi kama mata da suka daina al'ada, kuma bincike ya nuna cewa 'yan ƙananan jijiyoyin harshe ne ke samun taɓuwa.

Daga nan ne aka yi tunanin sinadaran da ke hana tsatsar jiki. Ku lura da goro in an fasa shi, yadda iska take sauya masa launi. Irin wannan sauyi yana aukuwa a cikin jiki, yana kuwa lahanta jijiyoyi. Ɗaya daga cikin sinadaran da ke tare shi ana ce da shi alfa-lifoyik asid. An tace shi daga hanta a Amurka a 1951, kuma an daɗe ana ba masu ciwon sukari shi a Jamus saboda zafin ƙafafu.

A 2002 Dakta Femiano na birnin Nafuli a Italiya ya ba da rahoton cewa yawancin waɗanda ya ba miligiram 600 kullum har wata 2 sun sami sauƙi. Amma a 2009 aka sake gwaji a Italiya, da Sifen, da Barazil, sai aka tarar bai fi ƙwayar da ba magani a cikinta ba. A 2016 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwajen, ta ce hujjar ba ta isa a yanke hukunci ba. Sa'an nan yakan jawo ƙwannafi, yakan kuma saukar da sukarin jini, abin da ke da haɗari ga mai shan maganin sukari.

Saboda haka, matakin farko shi ne a je asibiti, kamar na Murtala ko na koyarwa na Aminu Kano, a gwada jini. Sau da yawa ƙarancin jini, ko rashin bitamin B12, ko ciwon sukari, ko bushewar baki ne tushen raɗaɗin, waɗannan kuwa suna da magani sananne. A rage barkono, da tsami, da taba. Kanumfari yakan kashe zafi na ɗan lokaci, amma mansa yana ƙona fatar baki in ya yi yawa. Wanda likita ya yarje masa ya gwada ƙwayar, ya tabbata tana da lambar hukumar NAFDAC.

Allah ya ƙara mana lafiya, amin.