Shirin Musamman: Abin da Basine Ke Dubawa Kafin Ya Sayi Gida

Yau za mu yada zango a Hong Kong da Beijing, mu leƙa har Kanada, don mu ji abin da Basine ke dubawa kafin ya ƙulla cinikin gida, da yadda wannan dube-dube ke ɗaga farashi ko ya kayar da shi. Sai a gyara zama.

A kudancin tsibirin Hong Kong, a bakin teku, wurin da ake kira Repulse Bay, akwai wani dogon bene na masu hannu da shuni. A tsakiyarsa an bar wata ƙatuwar kafa mai kusurwa huɗu, tsayinta ya ci hawa da dama, kana tsaye a gaɓar teku kana hango dutse ta cikinta. Hong Kong fa tana sahun gaba a duniya wajen tsadar muhalli, don haka ɗakunan da ba a gina a wannan kafa ba kuɗi ne masu yawa aka haƙura da su. Masu zanen gini za su yi maka bayanin ado da wucewar iska. Mutanen gari kuwa cewa za su yi hanya ce aka bar wa dodon da ke zaune a kan dutsen, wani ƙaton maciji na almarar Sinawa, domin ya riƙa saukowa teku shan ruwa. A ganinsu, wanda ya tare masa hanya ya tare wa kansa arziki.

Wannan shi ne feng shui, wato iska da ruwa. Tsohon ilimi ne na zaɓen wurin kaburbura da gidaje. Littafin da aka fi jingina shi da shi ana danganta shi ga wani malami mai suna Guo Pu, wanda ya rayu daga shekarar 276 zuwa 324, kuma a kan binne mamata yake magana. Tushen koyarwar shi ne akwai wani ƙarfi da ke gudana cikin ƙasa da sarari, suna kiransa chi. Iska na tarwatsa shi, ruwa na tsayar da shi. Aikin masani shi ne ya nemo inda wannan ƙarfi ke taruwa a hankali, bai wuce da gudu ba, bai kuma kwanta ya ruɓe ba. Kayan aikinsa wani faffaɗan kamfas ne mai zobba da rubuce-rubuce, sunansa luopan.

Babbar ƙa'idar ba ta da wuyar riƙewa. Dutse a baya, ruwa a gaba, fuskar gida tana kallon kudu. To, a nan nake so mu ɗan tsaya, domin wanda ya yi saurin cewa duk camfi ne bai yi wa mutanen nan adalci ba. A arewacin ƙasar Sin, lokacin hunturu, iska mai tsananin sanyi da ƙura tana busowa ne daga arewa, ta wajen Mongoliya da Siberiya. Rana kuwa a wannan lokaci ta kudu take karkata. Manomin da ya juya wa arewa baya, ya jingina gidansa da tudu, ya buɗe ƙofa da tagogi zuwa kudu, ya tsira daga iskar, ya kuma sami hantsi yana shiga har ƙuryar ɗaki ba tare da ya ƙona itace ba. Ya zauna a gangaren tudu, sama da inda ambaliya ke kaiwa, amma kusa da rafin da zai sha ya yi ban ruwa. Kakanni ne suka koyi wannan da jikinsu, suka sha wuya, sannan suka miƙa wa jikoki cikin harshen da ba za a yi wasa da shi ba.

Sarakuna ma haka suka yi. Fadar sarakunan Sin da ke Beijing, wadda aka gina tsakanin 1406 da 1420, kudu take kallo. Da yake wurin shimfiɗaɗɗe ne babu dutse a baya, sai aka kwashe ƙasar da aka haƙo daga ramin ganuwa aka tara ta a arewacin fadar, ta zama tudun Jingshan da masu yawon buɗe ido ke hawa har yau. Ta gaba kuma aka janyo ruwa ya ratsa farfajiya a lanƙwashe. A ƙauyukan karkarar Hong Kong, bayan tsofaffin ƙauyuka da yawa akwai kurmin da al'ada ta hana a sare, saboda feng shui. Kurmin nan yana riƙe ƙasar gangare kada ta zaftaro da damina, yana karya ƙarfin guguwa, kuma masana tsirrai na yau suna samun itatuwa a ciki waɗanda suka yi ƙaranci a wasu wurare. Tsoron taɓa kurmin ne ya kare shi, ɗaruruwan shekaru kafin a kafa hukumar kare muhalli.

Tsohon gidan Beijing mai tsakar gida, wanda suke kira siheyuan, ƙofarsa galibi tana kusurwar kudu maso gabas. Da ka shiga sai ka ci karo da wata gajeriyar katanga, dole ka karkata kafin ka isa ciki. Ana cewa miyagun iskoki miƙe suke tafiya, ba sa iya shan kwana. Amma duk wanda ya tashi a gida mai zaure ya san ɗaya amfanin, domin mu ma ba ma sa ƙofar zaure ta yi saiti da cikin gida, kada mai wucewa ya ga iyali. Musulmin ƙasar Sin sun riƙe irin wannan fasali na gini. Babban masallacin birnin Xi'an, wanda yawancin gininsa na zamanin daular Ming ne, yana da irin wannan katanga da farfajiyoyi irin na Sinawa, sai dai an shimfiɗa shi ne daga gabas zuwa yamma domin masallata su fuskanci alƙibla. Sun ɗauki fasahar, alƙibla kuwa ba su bari wani kamfas ya sauya musu ita ba.

A cikin gida ƙa'idojin suna da yawa, ba za mu iya bin su duka ba. Ba a son ƙofar gaba ta yi saiti da ta baya, wai arziki zai shigo ya fice. Ba a kwana ƙafafu suna kallon ƙofa, domin haka ake fitar da gawa. Ba a sa madubi ya kalli gado, ba a haɗa murhu da wurin wanke-wanke fuska da fuska, saboda wuta da ruwa ba sa shiri. Gidan da titi ya miƙo ya ƙare a ƙofarsa kuwa, dillalai sun san wahalar sayar da shi. Wannan na ƙarshe ko ba ka yarda da chi ba, ka san inda motar da birkinta ya tsinke za ta nufa, da inda fitilun motoci za su riƙa haskawa cikin dare. Ranar tarewa ma ba a zaɓenta da ka, sai an buɗe kundin kalandar gargajiya. Mutane da yawa ba sa tarewa a wata na 7 na kalandarsu, wanda suke kira watan fatalwa. A Singafo wasu iyalai sukan mirgina abarba cikin sabon gida kafin su taka, saboda sunanta a harshen Hokkien ya yi kama da cewa arziki ya zo.

Yanzu mu shiga kasuwa, masu sauraro, inda abin ya fi ɗaukar hankali.

Lamba 4 a harshen Sinanci furucinta ya yi kusa da kalmar mutuwa, lamba 8 kuwa ta yi kusa da kalmar bunƙasar arziki. Asalin wannan al'adar furuci ce, ba ta cikin tsohon ilimin dutse da ruwa, amma a wurin mai sayen gida an riga an cuɗe su. Shi ya sa aka buɗe gasar Olamfik ta Beijing ranar 8 ga watan 8 na shekarar 2008, da ƙarfe 8 na dare. 'Yan kasuwarmu masu zuwa sarin kaya Guangzhou wataƙila sun lura cewa a wasu otal-otal lif yakan tsallake hawa na 4 da na 14. A Hong Kong abin ya kai maƙura a 2009, lokacin da wani kamfani ya fara sayar da gidaje a wani bene mai lamba 39 a titin Conduit. Ginin hawa 46 ne, amma na ƙoli aka laƙaba masa lamba 88. Surutu ya yi yawa har gwamnati ta fito da ƙa'idojin sa wa hawa lamba.

Da Sinawa suka yi ƙaura, da al'adarsu suka tafi. Wasu masana tattalin arziki na Jami'ar British Columbia a Kanada sun bi diddigin cinikin gidaje sama da 100,000 a yankin Vancouver. Suka gano cewa a unguwannin da Sinawa suka yi yawa, gidan da lambarsa ta ƙare da 4 yakan rasa kimanin kashi 2.2 cikin 100 na farashinsa, wanda ta ƙare da 8 kuwa yakan ƙaru da kimanin kashi 2.5. A 2013 hukumar garin Richmond Hill, kusa da Toronto, ta daina ba sababbin gidaje lamba 4, saboda ta gaji da masu neman a sauya musu. Birnin Vancouver ya bi wata hanya dabam. A 2015 ya hana masu sababbin benaye tsallake lambar hawa, ko 4 ce ta Sinawa ko 13 ta Turawa, domin ɗan kwana-kwana da ke ƙirga hawa cikin hayaƙi yana buƙatar lissafi na gaskiya. Ni a ganina Vancouver ce ta yi daidai, don rai ya fi farashi.

Abin lura a nan shi ne, ba sai ka yarda da camfin ba kafin ya taɓa aljihunka. Wanda bai damu da lamba 4 ba, shi ma zai nemi ragi, saboda ya san wata rana zai sayar wa wanda ya damu.

Manyan bankuna ma ba su tsira ba. Hedikwatar bankin HSBC, wadda Norman Foster ya zana aka kammala a 1985, an tuntuɓi masanin feng shui a aikinta. An bar ƙasan ginin a buɗe jama'a na ratsawa, an karkatar da matakalai masu tafiya da kansu, zakuna biyu na tagulla suna gadin ƙofa. Kusa da shi aka buɗe dogon benen Bank of China a 1990, zanen I. M. Pei, mai kusurwoyi masu kaifi. Mutanen gari suka ce wuƙaƙe ne aka auna maƙwabta da su, har da gidan gwamna. A saman HSBC akwai wasu na'urori biyu na gyaran gini masu kama da igwa, kuma har yau ana ba baƙi labarin cewa an saita su ne don mayar da martani. Kamfanin Disney na Amurka ma, kafin ya buɗe dandalinsa na Hong Kong a 2005, sai da ya karkatar da babbar ƙofarsa da digiri 12 bisa shawarar masanin feng shui.

Inda abin ya fi ba ni tausayi shi ne gidajen da mutanen Hong Kong suke kira hung jaak, wato gidan da wani ya mutu a ciki ta hanyar kisa, ko haɗari, ko ya kashe kansa. Akwai masu tara jerin irin waɗannan gidaje a intanet, dillalai da bankuna suna dubawa. Wani bincike a kan kasuwar Hong Kong ya nuna farashin irin wannan gida yakan faɗi da kimanin kashi 20 cikin 100, kuma faɗuwar takan shafi maƙwabta. Ku duba fa, iyali suna cikin makoki, sai ga asarar dukiya ta biyo baya, maƙwabcin da bai san hawa ba bai san sauka ba shi ma ya shiga ciki.

Inda tsoro ya haɗu da kuɗi kuma, 'yan damfara ba sa nisa. Nina Wang, mai kamfanin gine-gine na Chinachem, a lokacin rayuwarta tana cikin matan da suka fi kowa kuɗi a Asiya. An sace mijinta a 1990, ba a sake ganinsa ba. Bayan rasuwarta a 2007, wani mai duban feng shui, Tony Chan, wanda ya karɓi maƙudan kuɗi daga hannunta tana raye, ya fito da wata wasiyya yana cewa shi ta bar wa dukiyar. A 2010 kotu ta ce wasiyyar jabu ce, a 2013 aka ɗaure shi shekara 12. Gwamnatin Kwaminis ta ƙasar Sin kuwa ta taɓa yaƙar feng shui da ƙarfin tsiya, musamman lokacin juyin juya halin al'adu daga 1966 zuwa 1976, amma da kasuwar gidaje ta buɗe sai ya dawo da ƙarfinsa.

Masu sauraro, lamba ba ta kashewa ba ta rayawa, kuma addininmu ya hana mu camfi, wannan ba abin ja-in-ja ba ne. Amma ban ga dalilin raina mutumin da ke zagaya fili da ƙafarsa ba, yana tambayar ta ina iska ke zuwa, ina rana ke faɗawa, ina ruwa ke bi idan an yi mamako. Idan za ku sayi fili ko gida, ku yi haƙuri ku je ku gan shi da damina, bayan an ɗauke ruwa, ku kuma tambayi dattawan unguwa inda tsohuwar hanyar ruwa take kafin ku miƙa kuɗi.