Ƙurar da Ke Biyo Zinariya

A ramukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara zinariya ba ta fitowa a dunƙule. Ƙwayoyi ne 'yan mitsi-mitsi maƙale cikin dutse, sai an farfasa shi, an niƙe, an wanke, sannan a zuba zaiba, ruwan ƙarfen nan mai launin azurfa, ta tattaro su. Daga wajen niƙan nan masifar Zamfara ta 2010 ta taso. Dutsen yankin cike yake da dalma, kuma irin wadda ruwan cikin mutum ke saurin narkarwa. Da zinariya ta yi tsada, sai aka riƙa kai dutsen gida, mata na daka shi a turmi, maza na niƙa shi a bushe da injin niƙan hatsi. Ƙurar ta sauka a tsakar gida, inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki, alhali jikin ƙaramin yaro yana zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke zuƙa. Yara sama da 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, da yawa cikin waɗanda suka tsira kuma dalmar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa.

Wasu na ganin a hana haƙar kawai kowa ya huta. Ai an hana. Gwamnatin tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a Zamfara daga 2019 zuwa ƙarshen 2024, saboda tsaro, amma haƙar ba ta tsaya ba. Manomin da rami ke ba shi abin da gona ba ta ba shi ba zai daina ba, ɓoyewa zai yi, kuma babu maɓoyar da ta fi cikin gida. Gyaran yana wajen niƙa: a fitar da shi bayan gari, a jiƙa dutsen don kada ƙura ta tashi, ma'aikaci ya yi wanka ya sake tufafi kafin ya shiga iyalinsa.

Za a ce injin niƙa da ruwa yana da tsada, ruwan ma wahalar samu gare shi da rani. Haka ne. Sai dai a ƙauyen Bagega na Zamfara, a 2013, sai da aka kankare ƙasar gidaje ɗaya bayan ɗaya aka zuba sabuwa kafin likitocin ƙungiyar agaji ta MSF su fara ba yara magani, domin maganin ba ya amfanar yaron da zai koma cikin ƙurar. Wannan aikin ya fi kowane inji tsada. Bayan shekara biyu, irin wannan ƙura ta kashe yara 28 a yankin Shikira na jihar Neja.