Rarrabe Kalmomin Jinsi da na Karkatar Sha'awa

Yawancin ruɗanin da ake samu a muhawarar jinsi yana tasowa ne daga cuɗa abubuwa uku waɗanda likitoci da masana halayyar ɗan Adam suke rarrabewa. Na farko shi ne halittar jiki, wato al'aura da ƙwayoyin gado da sinadaran da ake dubawa kafin a ce jariri namiji ne ko mace. Na biyu shi ne karkatar sha'awa, ma'ana jinsin da zuciyar mutum take so, na uku kuwa shi ne yadda mutum yake ɗaukar kansa a ransa, ko ya dace da halittarsa ko ya saɓa mata.

Haruffan LGBT da suka yaɗu daga Amurka da Turai sun haɗa na biyu da na uku a wuri ɗaya: haruffa ukun farko suna nufin mace mai sha'awar mata, da namiji mai sha'awar maza, da mai sha'awar jinsi biyu, amma na huɗu yana nufin wanda yake jin cewa jinsinsa ya saɓa wa wanda aka haife shi da shi, lamarin da bai shafi wanda yake sha'awa ba. Waɗannan kalmomi ba su daɗe ba, domin marubuci Karl-Maria Kertbeny ne ya fara buga kalmar da Turawa suke kiran mai sha'awar jinsinsa da ita a 1869, kuma sai a 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan hali daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa.

Kalmomin Hausa sun bi wata hanya dabam, domin aiki ko ɗabi'a suke ambata, ba asalin mutum ba. Luwaɗi, wanda ya samo suna daga ƙissar mutanen Annabi Luɗu, da maɗigo, sunaye ne na aikin da shari'ar Musulunci ta haramta, kuma dokar Nijeriya ta 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi. Ɗan daudu kuwa namiji ne mai kwaikwayon mata a magana da tafiya da sana'a, musamman dafa abincin sayarwa, kuma binciken da Rudolf Gaudio ya yi a Kano, wanda ya fito a littafi a 2009, ya nuna cewa da yawansu suna da mata da 'ya'ya.

Wanda wannan ruɗani ya fi cutarwa shi ne mata-maza, wato wanda aka haifa da halittar da ba ta bayyana sarai ta namiji ce ko ta mace ba. Malaman fiƙihu sun san shi tun tuni da sunan hunsa, suka shimfiɗa masa hukunce-hukunce, har Malikiyya suka ce idan lamarinsa ya kasa warwaruwa, a ba shi rabin gadon namiji da rabin na mace. Babu malamin da ya ɗauki halittarsa laifi, don haka jefa shi cikin sahun masu luwaɗi jahilci ne da zalunci. Wajibi ne 'yan jarida da masu wa'azi su tantance wace kalma suke nufi kafin su furta ta, kuma iyayen da suka haifi irin wannan jariri su kai shi asibiti maimakon ɓoye shi.