Daga Tukubar Sabo Zuwa Akwatin Telebijin

Sa'ad da aka tura mu koyarwar gwaji, ni an ba ni aji biyar a wata makarantar firamare kusa da Sabo, watau unguwar Hausawa ta Ibadan. Ran nan na ce kowane yaro ya rubuta aikin da ya ke so ya yi in ya girma. Masu son likita da soja da tuƙin jirgin sama su suka fi yawa. Sai wani yaro ya tashi ya karanta nasa, ya ce shi kuku ya ke so ya zama, irin wanda a ke nunawa a telebijin. Aji duk ya fashe da dariya, wani daga baya ya ce, "Malam, ai wannan aikin mata ne." Yaron ya zauna ya kife takardarsa. Ni kuwa na tsawata musu kawai na wuce, don ba ni da amsa a baki. A makarantar mishan da na yi, 'yan mata a ke kai wa ɗakin koyon girki, mu maza a miƙa mana fartanya. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na bi diddigin maganar. Ga abin da na samo, ko ya yi wa 'yan'uwana ɗalibai amfani.

Da fari ya kamata mu san dalilin da ya sa girki ya zama babbar sana'a a Sabo. An kafa unguwar a 1916. Kafin nan jirgin ƙasa ya iso Ibadan daga Ikko a 1901, ya kai Kano a 1911, sai fatauci ya buɗe. Shanu su gangaro daga Arewa, goro ya hau daga Kurmi. Dukansu biyu kuwa kaya ne da ba su jira. Saniya in ta daɗe a Kurmi ƙudan tsando ya kan sa mata sammore, goro kuma in ba a kula da shi ba sai ya bushe ko ƙwaro ya shige shi. Saboda haka falke yana bukatar amintaccen maigida wanda zai ba shi masauki, ya ciyar da shi, ya nemo masa mai saye ta hannun dillalansa, ya kuma tsaya masa in an ɗauki kaya bashi.

To, wa ke dafa wa waɗannan baƙi duka? Matan gida ne. Wani masani mai suna Abner Cohen ya yi bincike a Sabo a 1962 da 1963, ya fitar da littafinsa a 1969. A ciki ya nuna matan aure na cikin kulle suna da sana'arsu ta kansu, babba daga ciki ita ce dafa abincin sayarwa, yara su kai talla. Koko da ƙosai da safe, ɗanwake da waina da fura da rana, tuwo da miya da dare. Da ribar nan uwa ta kan tara wa 'yarta kwanuka da sauran kayan ɗaki. Irin wannan mace ta kan yi suna ƙwarai, har fatake su kai labarin miyarta Kano ko Sakkwato. Amma ku lura da abu guda: ba sunanta a ke kira ba. Sai a ce tuwon gidan Alhaji wane. Mutum ya shekara goma yana cin girkinta bai taɓa ganin fuskarta ba.

Maza kuma suna da nasu girkin, ko da ya ke ba su kiransa girki. Kowa ya san Ibadan ya san in magariba ta yi a kan zo Sabo daga unguwanni masu nisa don neman tsire, wanda mutanen Kudu ke kira suya. Kalmar ta bazu har ƙamus ɗin Turanci na Oxford ya shigar da ita. Mai tsire ba ya zama gwani dare ɗaya. Yaro ya kan fara da fiƙe tsinke da hura wuta da yanka albasa. Sa'an nan a koya masa dakan ƙuli-ƙuli da barkono da citta da gishiri da sauran kayan yaji. Sai ya daɗe kafin a ba shi wuƙa ya yanka nama falle-falle, don in ya yi kauri ciki ba ya gasuwa, in ya yi sirara da yawa kuma ya ƙone. Daga ƙarshe ya koyi jera tsinke kewaye da tukuba, ya san tazarar da ke tsakanin nama da garwashi, da lokacin yayyafa man gyaɗa, da lokacin juyawa. Haka kuma zamanin Turawa, kukun gidan Razdan ko Di'o galibi namiji ne. Ashe maganar cewa girki aikin mata ne kaɗai ba ta da ƙafa ko a bakin titin unguwarmu.

Yanzu sai mu zo kan telebijin. A nan Ibadan aka buɗe gidan telebijin na farko a Nijeriya, watau WNTV, ran 31 ga Oktoba 1959, zamanin Cif Obafemi Awolowo yana Firimiyan Jihar Yamma. Na Kaduna ya biyo baya a 1962. A 1977 aka haɗa gidajen a ƙarƙashin NTA. Tashar Arewa24 mai magana da Hausa zalla ta fara aiki a 2014, ta fito da shirin girki mai suna Akushi Da Rufi, inda Fatima Rabi'u Gwadabe ta nuna yadda a ke dafa abincin Arewa. Irin girkin da uwayenmu ke yi a bayan zaure, ga shi a fili, da fuskar mai yinsa da sunanta.

Wadda sunanta ya fi nisa cikin masu wannan aiki a Nijeriya ita ce Hilda Baci, mutuniyar Akwa Ibom. Mahaifiyarta mai gidan abinci ce, ita kuwa ilmin zaman jama'a ta karanta a Jami'ar Madonna. Ta gabatar da shirin girki a telebijin, ta buɗe gidan abincinta a Ikko, a 2021 kuma ta ci gasar dafa-duka tsakanin Nijeriya da Gana. A watan Mayu 2023 ta tsaya tana girki a Lekki kwana huɗu, don ta wuce Lata Tondon ta Indiya wadda ta yi awa 87 da minti 45 a 2019. Ka'idar ita ce hutun minti 5 bayan kowace awa. Hilda ta kai awa 100, amma masu littafin Guinness suka duba suka ga ta zarce lokacin hutu sau ɗaya tun da wuri, suka yanke mata kusan awa 7, suka rubuta awa 93 da minti 11. Kafin shekarar ta ƙare wani mutumin Ayalan, Alan Fisher, ya yi awa 119 da minti 57 a Japan ya karɓe kambin. Ba ta yi fushi ta zauna ba. A watan Satumba 2025 ta dafa shinkafa dafa-duka kilo 8,780 a tukunya ɗaya a Ikko, Guinness suka sake rubuta sunanta.

To, mene ne bambancin gwanar Sabo da gwanar telebijin? Ta Sabo harshen mai ci ne shaidarta, in miya ta yi lami gobe tallan ya dawo gida. Ta telebijin kuwa ba wanda ke ɗanɗana abin da ta dafa, ko ƙanshi ba a ji. Dole ta mai da abin da hannu ya sani ya zama magana. Inda kakarmu za ta ce "zuba daidai", ita sai ta ce cokali biyu, gwangwani uku, minti goma sha biyar. Dole ta jera kayanta tun kafin a fara, ta bi mataki bayan mataki, ta faɗi dalilin kowane. Ku duba da kyau, 'yan'uwa, wannan ba shi ne shirin darasi da a ke koya mana kullum ba? Lalle mai girkin telebijin malama ce, ajinta ne kawai ya fi namu girma.

Akwai kuma abin lura. Shiri yana cin kuɗi, shi ya sa kamfanonin kayan ɗanɗano irin su Maggi suka daɗe suna ɗaukar nauyin shirye-shiryen girki. Wanda ya biya kuwa kayansa za a ɗaga a nuna. Daddawa ba ta da kamfani, saboda haka in mu ba mu koya wa yara darajarta ba, ba mai yi mana.

Da na gama wannan bincike na tafi wurin mahaifin yaron, ashe mai tsire ne. Na gaishe shi na faɗa masa abin da ya faru. Ya ce, "Malam, ni boko na sa shi don kada ya ƙare a bakin wuta kamata." Na ce, "Baba, ai wutar nan ce ke saya masa littafi. Abin da ya ke so sai da boko ya ke yiwuwa, don sai ya iya lissafi da awo da magana a gaban jama'a." Bai ce ya yarda ba, amma ya bar yaron ya zo mana da ƙuli-ƙuli da kayan yaji.

Ran Litinin da su muka yi darasin lissafi. Yaron ya tsaya gaban allo ya bayyana yadda babansa ke haɗa yaji, 'yan aji suka lissafa abin da za a bukata in za a ninka shi sau uku, da ribar da za a samu a tsinke ɗari. 'Yan matan da ke zuwa a makare saboda talla su suka riga kowa ba da amsa. Ba wanda ya yi dariya ran nan. Shawarata ga duk wanda za a tura koyarwar gwaji ita ce, kafin ya shiga aji ya zaga unguwa tukuna ya ga abin da iyayen yaransa ke ci da shi.