Yadda hirar keke ke buɗe bakin mai koyon Turanci

A ofisoshi da kasuwannin Arewa akwai dubban mutanen da ke karanta Turanci su fahimta, su rubuta wasiƙa ba tare da kuskure mai yawa ba, amma da zarar an ce su miƙe su yi bayani da baki sai harshe ya yi nauyi. Ma'aikaci kan rasa ƙarin girma a gaban kwamitin ganawa, ɗan kasuwa kuma kan nemi tafinta kafin ya daidaita da abokin cinikinsa na Legas ko Anaca.

Tushen matsalar yana cikin yadda ake koyar da harshen. A jarabawar WAEC ta kammala sakandare akwai takardar da ake kira "Test of Orals", wadda aka yi domin gwada furuci, amma a Najeriya ana amsa ta ne ta hanyar zaɓen amsa ɗaya cikin waɗanda aka jero. Ɗalibi na iya cin ta ba tare da ya furta kalma ko ɗaya ba.

A arewacin Zamfara abin ya fi tsanani. Hare-haren 'yan bindiga sun katse karatun yara da dama a ƙananan hukumomin Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, kuma a watan Satumban 2021 gwamnatin jihar ta rufe makarantu baki ɗaya na wani lokaci. Matashin da ya taso a gari kamar Sakajiki, ya samu gurbi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, zai tarar da ɗalibai daga sassan ƙasar nan da ba su jin Hausa, da malamai masu son ya kare aikinsa da baki.

Dalilin zaɓen keke

Masaniyar harsuna Merrill Swain ta yi nazarin yaran Kanada da suka shafe shekaru ana koyar da su cikin Faransanci. Ta lura suna fahimta sosai, amma maganarsu na da rauni. A 1985 ta bayyana ra'ayinta cewa sauraro kaɗai ba ya isa, dole mai koyo ya riƙa ƙoƙarin haɗa jimla da kansa, domin a nan ne yake gano abin da bai iya ba.

Sai dai mai koyo na ɗaukar kaya biyu a lokaci guda: tunanin abin da zai faɗa, da neman kalmomin da zai faɗe shi da su. Idan aka ba shi batun da ya sani ciki da bai, an sauke masa kaya ɗaya. Shi ya sa jarabawar IELTS, wadda masu neman karatu ko aikin jinya a Birtaniya ke rubutawa, take fara ganawarta ta minti 11 zuwa 14 da tambayoyi kan rayuwar yau da kullum, irin su gida da aiki da abinci da sufuri.

A ƙasar Kaura Namoda kuwa, da wuya a samu batun da ya kai keke shiga rayuwar mutane. Tun da layin dogo daga Zariya ya iso garin a 1929, hada-hadar gyaɗa da auduga ta kawo kuɗi, keke ya zama abin da manomi ke burin saya bayan kaka. Da shi malamin makaranta ke zuwa aiki, da shi ɗan koli ke cin kasuwannin ƙauye. Tsofaffi na kiransa basukur ko laulawa, kuma har yau suna tuna Raleigh da Phoenix. Yara kuwa sukan fara da gargare, su kai ga hayar keke, su zura ƙafa ta cikin firam saboda ba su kai sirdi ba. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wasu da suka jingine keke sun sake kakkaɓe shi.

Kalmomin suna bakin mutum tun tuni

Fa'ida ta farko ita ce yawancin sunayen sassan keke daga Turanci Hausa ta aro su. Birki daga "brake" ne, feda daga "pedal", famfo daga "pump", faci daga "patch", taya daga "tyre", bawul daga "valve", kariya daga "carrier". Aikin mai koyo shi ne ya mayar da kowace kalma siffarta ta asali, kuma a cikin yin hakan zai ci karo da wurare uku da harshen Bahaushe ke tuntuɓe.

Na farko, Hausa ba ta bambanta sautin "p" da "f" kamar yadda Turanci ke yi, shi ya sa "pedal" ta koma feda. Maganinsa shi ne a rufe leɓɓa gaba ɗaya kafin a saki iska. Na biyu, Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, sai ta cusa wasali a tsakani, kamar yadda "brake" ta zama birki. Na uku, Hausa na son rufe kalma da wasali, don haka "patch" ta samu wutsiya. Wanda ya gyara waɗannan a kan kalmomin keke ya gyara su a ɗaruruwan kalmomi.

Labari ɗaya, lokuta huɗu

Fa'ida ta biyu ta shafi nahawu. A Hausa, aikatau ba ya sauyawa saboda lokaci, wakilin suna ne ke nuna shi: na hau, ina hawa, nakan hau, zan hau. Turanci kuwa aikatau ɗin kansa yake juyawa, "ride" ya zama "rode", "fall" ya zama "fell", "buy" ya zama "bought". Haddace su a jere ba ya hana a manta da su lokacin magana.

Labarin keke na tilasta amfani da su duka. Wa ya koya maka hawa? Wannan na buƙatar shuɗaɗɗen lokaci: "My brother taught me." Ina kakan je da shi? Wannan na buƙatar "I used to ride to school", wato abin da aka saba yi a da. Kana hawa yanzu? Za ka saya wa ɗanka? Tambayoyi huɗu sun ratsa jiya da yau da gobe.

Akwai kuma batun jinsi. Bahaushe kan ce keke ya lalace, mota ta lalace, sai ya kai wannan cikin Turanci ya kira keke "he". Maimaita "it" a cikin labarin na kawar da wannan sabo.

Yadda ake yi

Mutum biyu sun isa, a rumfar kasuwa ko ofis bayan tashi. Ɗaya ya yi tambaya, ɗayan ya amsa da jimla uku aƙalla: amsar, dalilinta, da misali. Kada a katse mai magana domin gyara, a bari ya gama, sannan a nuna masa kuskure ɗaya ko biyu. Sai ya sake ba da labarin, a karo na biyu cikin minti uku, na uku cikin minti biyu. Wanda ba shi da abokin hira zai iya naɗar muryarsa a waya ya saurara, kuma wannan ba ya buƙatar intanet.

Mata da yawa a yankin ba su hau keke suna yara ba. Su ma suna da abin faɗa, ko goyon da mahaifi ya yi musu zuwa makaranta, ko dalilin da ya sa aka hana su hawa. Idan batun bai dace ba, ɗinki ko girki ko kiwo za su yi aiki iri ɗaya, muddin mai magana ya fi mai tambaya sanin abin.

Hirar keke ba za ta koyar da Turancin kotu ko na banki ba, waɗannan na da nasu kalmomin. Abin da take yi shi ne ta cire tsoro, ta saba wa harshe motsi. Duk wanda ya iya keke ya san babu bayanin da ya tsayar da shi a kan sirdi sai da ya taka feda, ya faɗi, ya ƙuje gwiwa, ya sake hawa. Da koyo akan iya, in ji Hausawa.